Bangon Littattafan Khaya

Cofimvaba, 9 ga Fabrairu, 1998

Ɗana Lindikhaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da take damuna in zan hau tudun coci. An yi ruwa sau uku a makon jiya, masara ta kai ƙirjina. Akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu, ɗaya bai zauna ba.

Dubi rubutun nan da kyau. Ba na MamTshawe mai kanti ba ne, nawa ne. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin manya a zauren coci kowace Talata. Ban faɗa maka ba, don in zan faɗa sai ta hannunta, kuma kafin ambulan ya bar kantin duk gari ya ji Nosiseko tana koyon baƙi da furfura a ka. Wannan takarda ita ce ta huɗu. Ukun farko na hura wuta da su.

Daga yau ba mai buɗe wasiƙarka sai ni. Shekara tara ina tsayawa a kantin nan tsakanin buhunan sukari, tana karanta mini kai da ƙarfi, masu sayen sabulu suna gyaɗa kai. "Ina lafiya, aiki lafiya, ana iska a Kapa." Shekara tara ana iska a Kapa, Cape Town ɗin nan taku! Kai da ba ka rufe baki tun kana goye, wannan ne duk labarinka?

Ka tuna lokacin da nake ɗinki a bakin taga, kai kana kan buhun masara kana karanta mini labaran da ka rubuta? Kyaftin Vukile da jirginsa mai zuwa taurari, da Nomhle da take jiransa a kan wata. Ranar da aka ɗaura musu aure har na ɗinke bakin hannun rigar matar fasto, saboda hankalina yana can wajen shanun sadakin da aka ɗora a jirgi. Ban sake jin daɗin ɗinki kamar na shekarun nan ba.

Kana cin abinci kuwa? Tarin nan ya bar ka? Ka rubuto mini da manyan baƙaƙe, kuma ka rubuto da yawa.

Mahaifiyarka,
Nosiseko

Cape Town, 24 ga Fabrairu, 1998

Mama,

Na gaishe ki. Ina lafiya, tari ya tafi tun bara. Ki riƙa shafa wa gwiwar nan magani, kuma ki daina ɗaukar bokiti biyu.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofar maɗaba'ar da nake aiki, sai da na nemi wurin zama. Mama, kin rubuta "taurari" ba kuskure ko ɗaya!

Tunda kin ce ba mai buɗewa sai ke, zan faɗi abin da ban iya faɗa a gaban masu sayen sabulu ba. Ba ni kaɗai nake zaune ba. Shekara shida muna tare da wani mutum, sunansa Denzil, ma'aikacin jinya ne. Ba abokin haya ba ne. Shi ne mutumin da nake so, yadda kika so Baba. Na rubuta layin nan na ajiye biro na zaga unguwa sau biyu kafin na dawo.

Akwai kuma aikin da ya sha mana kai. Mu bakwai muka kafa kwamiti, za mu yi taron kwana biyu a watan Satumba, na masu son labaran sararin samaniya da zamanin da bai zo ba. Ana yin irin taron a wasu wurare, amma namu na mutane irina ne: maza masu son maza, mata masu son mata, da waɗanda aka raɗa wa suna ɗaya suka girma suka gane wani ne nasu. Yawancinmu a cikin labaran nan muka fara ɓuya muna yara, domin a wata duniyar ba mai tambayarka yaushe za ka kawo amarya.

Mun sami zaure bayan masu zaure uku sun ce mana a'a. Mutane za su zo da kayan da suka ɗinka na 'yan wata duniya, za a yi muhawara, za a sayar da mujallun da muke bugawa da kanmu. Charmaine, shugabar kwamitinmu, ta kawo wata shawara: a ajiye tebur guda na labaran farko da kowa ya rubuta yana yaro, da sunansa a jiki, kuma ranar Lahadi kowa ya tashi ya karanta nasa da bakinsa.

Littattafaina huɗu suna cikin akwatin ƙarfen Baba, ƙarƙashin bargo. Ki aiko mini da su ta gidan waya. Amma don Allah kada ki buɗe su. Rubutun yara ne, zai ɓata miki ido. Ki ɗaure su yadda suke.

Denzil yana gaishe ki. Yana tsaye a kaina yana cewa in goge gaisuwar, wai ya yi wuri. Ban goge ba.

Ɗanki,
Khaya

Cape Town, 28 ga Afrilu, 1998

Mama,

Da fatan kina lafiya. Ni lafiya.

Wata biyu ke nan. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu kafin in tafi aiki, in sake leƙawa in na dawo. Denzil ya ce wataƙila gwiwa ce, ko ruwa ya cinye hanya. Na san ba ruwa ba ne.

In abin da na faɗa ya fi ƙarfinki, na fahimta. Zan koma rubuta miki cewa ana iska a Kapa, ba zan ƙara ba. Abu ɗaya nake roƙo: in kin ƙone littattafan, ki faɗa mini, in cire sunana daga jerin masu karatu kafin a buga shi.

Khaya

Cofimvaba, 11 ga Mayu, 1998

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ina lafiya, sanyi ya fara shigowa, an gama karyar masara. Ka sa rigar ulun da na aiko maka bara.

Ƙonewa? Ni? Littattafan da na kwashe a ka ranar da rufin ɗaki ya yaye, na bar tukwanena a ruwa? Wani lokaci kana magana kamar ba ni na haife ka ba.

Ban yi shiru don Denzil ba. Na yi kuka kwana biyu, ba zan ɓoye maka ba, na kuma yi addu'a. Amma ban yi mamaki yadda kake zato ba. Uwar da ta ga ɗanta ya kai talatin bai taɓa kawo ko sunan yarinya gida ba, ta san wani abu ko ba ta iya karatu ba.

Na yi shiru ne don ina karatu. Ka ce kada in buɗe, sai na buɗe. Shafi biyu nake iya yi a rana, da yatsa a kan layi, kuma rubutunka na yaro kamar kaji sun bi ta kan takarda. Mako tara na yi.

Khaya, ina Nomhle?

Na neme ta a littafi na ɗaya, na ce wataƙila sai na biyu. Na neme ta har shafin ƙarshe na huɗu. Babu ita. Wanda yake jiran Kyaftin Vukile a kan wata Zolile ne, makaniken jirgi. Babu aure, babu shanu. A ƙarshe Vukile ya tafi shi kaɗai, don ba duniyar da za ta karɓe su su biyu. Kana da shekara goma sha huɗu ka rubuta wannan, a kan buhun masara, taku uku daga ƙafata. Kana duban takarda kana faɗa mini wani abu dabam, ni kuma ina taka keken ɗinki ina dariya.

Na so yarinyar nan. Na ba matan zumuntar coci labarinta. Har na zaɓa mata yadin da zan ɗinka mata da a ce mutum ce. Duk rayuwata mutane suna riƙe takarda a gabana suna faɗa mini abin da suka ga dama: magatakardan kamfanin haƙar ma'adinai ranar da babanka ya rasu, MamTshawe, mai awon fili. Ban san har da kai ba. Wannan ne ya hana ni ɗaukar biro.

Yanzu maganar aikowa. A bangon kowane littafi ka rubuta sunanka cikakke, da sunan babanka, da makarantarku, da garin nan. Ka ce za a shimfiɗa su a tebur kowa ya gani. Kapa cike take da mutanen Cofimvaba. Mutum ɗaya ya isa. Ina jin abin da ake yi wa irinku a hanya, rediyo yana faɗa. Kuma ni ma, ba zan yi maka ƙarya ba, ina tunanin ranar Alhamis, ranar taronmu a coci. Shekara ashirin da shida ina sa jar rigar zumuntar mata. Na ga yadda aka karɓe ta wata a gaban kowa a kan abin da bai kai wannan ba.

Saboda haka na yi abin da na iya. Na ɗinke kowane bango da shuɗin yadi, ciki da waje, ɗinki ƙanana. Sun yi kyau, kuma ba mai ganin suna. A haka zan aiko su, in ka yarda.

Shi Denzil ɗin, mutanen ina ne? Yana da uwa? Ya iya girki, ko kai kake yi?

Mahaifiyarka,
Nosiseko

Cape Town, 2 ga Yuni, 1998

Mama,

Na gaishe ki, na sa rigar ulun. Muna lafiya.

Ki yafe mini Nomhle. Ranar farko da na zo karanta miki, na kai kan sunan Zolile, na ɗaga kai na ga kina murmushi da allura a baki. Sai bakina ya faɗi sunan wata yarinya 'yar ajinmu. Daga nan kullum sai na ƙara mata wani abu, don na ga kina sonta. Ban yi don in raina ki ba. Na fi son ki ji rabin labarin da a ce ba ki ji komai ba.

Amma littattafan, in a rufe za su zo, ki bar su a akwati. Na kai maganar gaban kwamiti, muka yi awa biyu muna musu. Akwai masu zuwa taron da ba za su iya faɗin sunansu ba, kuma mun tanadi wannan: katin da kowa zai maƙala a ƙirji, sunan da ya ga dama zai rubuta, kuma ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa. Charmaine ta ce ba wanda zai ga laifina in na sa littattafan da yadinsu. Ni ne ba zan iya ba. Yaron da ya rubuta su ya sa sunansa a bango da jan biro, har ya ja layi biyu a ƙasa. Abin da ya rage masa ke nan wanda bai canja ba. Ba zan tsaya a gaban mutane in sake ɓoye shi ba.

Amma sunan ba nawa ni kaɗai ba ne, kuma ba ni zan shiga coci ranar Alhamis ba. Ba zan sa ki farke ɗinkin ba. Na ce su bar gurbina a jerin masu karatu ba suna, har ranar.

Denzil ɗan nan Kapa ne. Uwarsa tana nan, amma ta daina amsa gaisuwarsa. Yana girki. Ba zan ce ya iya ba.

Taron ranar sha biyu da sha uku ga Satumba ne. Ban ce ki zo ba. Na dai faɗi ranar.

Ɗanki,
Khaya

Cofimvaba, 22 ga Satumba, 1998

Ɗana Khaya,

Gaisuwa gare ka da Denzil. Na iso lafiya. Bas ta lalace sau ɗaya, ƙafafuna sun kumbura, yanzu sun sauka. Na tarar akuya ta cinye mini kabeji.

A tashar bas ka tambaye ni me ya sa na yi wata uku ban amsa ba, sai kawai ka gan ni a ƙofar zaure da jaka. Na ce maka sai na rubuto, don a baki ba na iya jera magana in kana kallona. Gaskiyar ita ce ban yanke shawara ba har na hau bas. Na ce a raina zan je in ga mutanen da ido. In na ga abin tsoro, in dawo da littattafan yadda na kai su.

Abin tsoron da na fara gani shi ne ɗinki. Khaya, mutum ɗari da wani abu, ba wanda ya iya kalmasa! Wani dogo ya zo wucewa da alkyabbar azurfa an manne ta da gam. Na ce, "Kai, ɗan wa ne kai? Zo nan." Ya ce, "Mama, ni sarkin duniya ta tara ne." Na ce, "To, ranka ya daɗe, wandonka ya yage ta baya." Ka ga dai yadda na ƙare: ranar Asabar ɗin nan duka ina kan kujera a bayan teburin karɓar baƙi, 'yan wata duniya sun yi layi, ina ɗinke musu fukafukai. Charmaine ta kawo mini kati ta ce in rubuta sunan da nake so. Na ce suna ɗaya gare ni, kuma kwanan nan na koyi rubuta shi, ba zan sake koyon wani ba.

Suna zaune a gabana ina ɗinki, suna ba ni labari kamar yadda kake yi da. Wata yarinya mai koren fenti a fuska ta ce nata littafin babanta ya jefa a masai. Wani dattijo, sa'ana, ya ce nasa yana kansa kawai, don bai taɓa yarda ya rubuta ba. Na je na duba teburin. Littattafai goma sha ɗaya ne kacal, cikin mutanen nan duka. Sauran ba wanda ya ajiye musu. Na tsaya a wurin ina jin nauyin jakata.

Ba ka ga lokacin da na farke ɗinkin ba, ranar Lahadi da safe, kana can kana faɗa da mai lasifika. Denzil ne ya gani. Na ce ya samo mini reza. Ya ce da yarenmu na Xhosa, a bakinsa kamar na ɗan yaye, "Mama, wa za ki yanka?" Na ce, "Kai, in ka sake dafa mini wake irin na jiya." Ya kawo, ya riƙe mini littattafan ɗaya bayan ɗaya ina farkewa. Kwana shida na yi ina ɗinkin nan, ban yi minti goma ba na gama da shi. Na ɗan yanki gefen na uku, ka yi haƙuri. Da jan biron ya fito, sai na ga Denzil yana kuka. Na ce masa ya je ya wanke fuska, babban mutum da shi.

Ranar Lahadi ka yi karatu da kyau, sai dai kana sauri, kuma ba ka tsaya a miƙe ba. Na ji Zolile da kunnena. Ba shi da kirki kamar Nomhle, yana da taurin kai, amma na ga abin da Vukile ya gani. Na yi kewarta duk da haka. Ina jin zan riƙa tunawa da ita kamar 'yar maƙwabta da suka ƙaura.

Yanzu labarin gida. Jiya na shiga kanti sayen kan sarki. Mutum biyar ne a ciki, biyu 'yan zumunta. MamTshawe ta ce, "A'a, mutanen Kapa! Tunda aka koyi karatu an daina ba mu labari. To, kin gano mana amaryar? Ko har yanzu iska ce kawai?" Suka yi dariya.

Tun a bas na shirya amsa. Zan ce na je ganin likitan gwiwa. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji ba zan iya riƙe takarda a gaban mutane in karanta musu abin da babu a ciki ba.

Na ce, "Na gano. Sunansa Denzil. Ma'aikacin jinya ne, yana da ladabi, bai iya dafa wake ba."

Ba wanda ya yi dariya. MamTshawe ta miƙo mini kan sarkin ba ta dube ni ba. Ɗaya daga cikin 'yan zumuntar ta ajiye sabulun da ta ɗauka ta fita. Ɗayar ta tsaya, ta bi ni har bakin hanya, da za mu rabu ta ce in gaishe ka.

Ban ci abinci ba jiya, yau na ɗan ci. Kada ka taso, kada ka aiko kowa. Ka kulle ƙofa da kyau, kuma kada ku riƙa bin hanyar tashar jirgin nan da na ga ba mutane. Ka faɗa wa Denzil ya jiƙa waken tun da safe, kuma ya rubuto mini da hannunsa, zan amsa.

Jibi Alhamis. Na wanke jar rigar, na goge ta, tana rataye a bayan ƙofa. Zan sa ta in hau tudun, in zauna a wurin da na saba zama. In suna so, sai dai su zo su karɓa da hannunsu.

Mahaifiyarku,
Nosiseko